Maliƙan Fosfet da Farkawar Ƙwan Dabbobi Masu Shayarwa

Gabatarwa

Abin da yawancin mutane suka ɗauka game da ɗaukar ciki shi ne, ƙwan mace yana kwance shiru kamar iri a rumbu, sai maniyyi ya zo ya zuba masa rai. Binciken da masana ilmin halittu suka gudanar tun daga 1971 zuwa yau ya nuna lamarin ya sha bamban da haka. Ƙwan da ya baro ma'ajiyarsa yana cikin aiki tuƙuru, babban aikin kuwa shi ne riƙe kansa kada ya ci gaba da rabuwa kafin lokaci ya yi. Misalinsa kamar mahayi ne da ya ja linzamin doki mai zafi a bakin filin sukuwa. Dokin a tsaye yake, amma tsayuwar tana cin ƙarfi. Abin da maniyyi ke kawowa, ban da rabin kayan gado na wajen uba, shi ne umurnin sakin linzamin. Wannan saki, tare da abubuwan da ke biyo bayansa cikin 'yan sa'o'i, shi ake nufi da farkawar ƙwai.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wani rukuni na furotin ke riƙe da linzamin, da yadda wani daga cikin rukunin nan kuma yake sa a sake shi. Za a fi dogara da abin da aka gano a ƙwan ɓera, domin shi aka fi bincikawa cikin dabbobi masu shayarwa, amma tilas a riƙa leƙa ƙwan kwaɗo, saboda a can aka fara gane yawancin sassan.

Kalmomin aiki

Da yake Hausa ba ta daɗe da shiga wannan fage ba, ya kamata a daidaita wasu kalmomi tun daga farko. Sel shi ne tubalin ginin jikin kowane mai rai, ƙwai kuwa sel ne guda ɗaya tak, ko da yake babba ne, don faɗin na ɗan Adam ya ɗan ɗara kashi ɗaya cikin goma na milimita. Kayan gado suna ƙunshe cikin wasu zarurruka da ake kira kuromosom, waɗanda a yawancin lokaci suke ajiye a cibiyar sel. Idan sel zai rabu, sai cibiyar ta warware, a kafa wani tsari na zare mai tsini biyu da kauri a tsakiya, wanda zai ja kuromosom zuwa ɓangarori biyu. Turawa sun sa masa sunan abin kaɗin auduga saboda kamanninsu, don haka babu laifi a kira shi mazari.

Kalmar da ta fi muhimmanci ita ce ta maliƙi. Furotin da ke cikin sel ba koyaushe yake aiki ba, akwai lokacin da yake a kunne, akwai lokacin da yake a kashe. Hanyar da sel ya fi bi wajen sauya masa hali ita ce ya liƙa masa ɗan guntun sinadari mai suna fosfet, wanda ake cirowa daga ATP, watau makamashin sel. Da an liƙa, sai siffar furotin ɗin ta ɗan canja, aikinsa ma ya canja. Inzayim ɗin da ke yin liƙin shi masana ke kira kinas, a nan kuwa za a kira shi maliƙi, jam'i maliƙa. Mai cire fosfet ɗin, watau fosfatas, za a kira shi maɓamɓari. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka fito da wannan tsari fili a tsakiyar shekarun 1950, sa'ad da suke nazarin yadda tsoka ke warware sukarin da ta ajiye, aka kuma ba su kyautar Nobel a kansa a 1992. A 2002 an ƙidaya maliƙa 518 a kayan gadon ɗan Adam. Mai karatu ya lura da abu guda: liƙa fosfet ba kullum yake nufin kunnawa ba. Wani furotin yakan tashi aiki idan an liƙa masa, wani yakan kwanta, wani kuma liƙin ya zama masa alamar a kai shi a niƙe. Duk ukun za a gamu da su a ƙwai.

Masu riƙe da linzami

Sel ɗin jikin mutum yana da kuromosom 46. Ƙwai kuwa dole ya rage nasa zuwa 23, don idan ya haɗu da 23 na maniyyi lissafi ya cika. Ana yin ragin ne ta rabuwa biyu a jere. A tsakiyar shirin rabuwar farko ƙwan yakan tsaya tun mai shi tana cikin mahaifiyarta, ya zauna haka shekaru goma sha, ko ma arba'in da ɗoriya, har ranar da sinadarin LH ya tashe shi. Daga nan ya ƙarasa rabuwar farko, ya tura rabin kuromosom ɗinsa cikin wani ɗan ƙunshi a gefe, ya shiga ta biyu. Sai ya sake tsayawa, a daidai inda kuromosom 23, kowanne a ninke biyu, suka jeru a tsakiyar mazari suna jiran a ja su. A wannan hali yake fita zuwa bututun mahaifa. Tsayuwa ta biyun nan ita ce abin nazari.

A 1971, a Jami'ar Yale ta Amurka, Yoshio Masui da Clement Markert suka yi wasu gwaje-gwaje biyu da ƙwan kwaɗo waɗanda har yau ake koyar da su. Da farko suka ɗebi ruwan cikin ƙwai nunanne suka ɗura wa ɗanye, sai ɗanyen ya nuna. Suka ce lalle akwai wani abu mai sa nuna, suka sa masa suna MPF. Na biyu, suka ɗebi ruwan cikin ƙwan da ya nuna amma maniyyi bai taɓa shi ba, suka ɗura a ɓangare ɗaya na ɗan tayi mai sel biyu. Ɓangaren da aka ɗura wa ya tsaya cik da mazarinsa a kafe, ɗayan kuwa ya ci gaba da rabuwa abinsa. Abin da ya tsayar da shi suka kira CSF. A lokacin ba wanda ya san ko mene ne su, sunaye ne kawai aka ba aiki.

Sai a 1988 aka tace MPF, aka tarar ashe maliƙi ne mai sassa biyu. Akwai CDK1, wanda shi ke liƙin, da kuma abokin tafiyarsa saikilin B, wanda in babu shi CDK1 ba ya motsi. Tim Hunt ya gano saikilin a 1982 a ƙwan bushiyar teku, ya lura cewa yana taruwa ya ɓace, ya sake taruwa ya ɓace, daidai da kowace rabuwa. Muddin MPF yana da ƙarfi, kuromosom za su zauna a dunƙule, mazari ya tsaya, cibiya kuma ba za ta sake haɗuwa ba. Kafin sel ya wuce wannan mataki sai an rushe saikilin B. Mai wannan aiki wani babban gungun furotin ne da ake kira APC/C, wanda yake rataya wa saikilin B alama, injin niƙan sel kuma ya kama duk mai alamar ya niƙe. Haka yake yi wa wani furotin mai suna sekurin, wanda shi ne kube ga almakashin da zai yanke ɗaurin da ke tsakanin kuromosom ninkakku. In an niƙe kuben, almakashi ya fito, tagwayen su rabu.

To, CSF ba wani abu ba ne illa tsarin da ke hana APC/C sakewa. A 1989 Noriyuki Sagata da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa wani maliƙi mai suna Mos yana cikin tsarin. Mos yana kunna MEK, shi kuma MEK ya kunna MAPK, maliƙi yana liƙa wa maliƙi kamar masu miƙa tubali wajen gini. A 1994 rukuni biyu na masana, ɗaya a Ingila ɗaya a Japan, suka samar da ɓeraye marasa ƙwayar gadon Mos. Ƙwan matan ba su iya tsayawa yadda ya kamata ba, da yawa suka farka da kansu ba tare da maniyyi ba, haihuwar matan ta ragu, wasu kuma ƙari ya fito musu a ma'ajiyar ƙwai. A 2005 aka gano wanda yake kama APC/C hannu da hannu, wani furotin mai suna Emi2, aka kuma fahimci cewa a kwaɗo jerin Mos yana taimakawa ne wajen kare shi daga rushewa.

Akwai wani abu a ƙwan ɓera da ya tabbatar da cewa tsayuwar nan aiki ce mai cin ƙarfi. Emi2 bai rufe APC/C ruf ba. A kullum ana niƙe wani kaso na saikilin B, a kullum kuma ƙwan yana ƙera sabo ya maye gurbinsa, kamar tulu mai yoyo da ake ta ɗura wa ruwa don kada ya sauka. Shi ya sa idan aka sa ƙwan ɓera cikin maganin da ke hana ƙera furotin, yakan farka ba maniyyi ba komai. An hana ɗuri ne kawai, yoyon ya yi sauran aikin. Wannan tsari yana da hikima a fili, domin abin da ke tsaye bisa ma'auni irin wannan ɗan turi kaɗan ya isa ya karkatar da shi.

Saƙon maniyyi

Kafin maniyyi ya isar da saƙo sai tantaninsa ya haɗe da na ƙwai. Furotin da ke jikin maniyyi don wannan aiki an gano shi a Osaka a 2005, aka sa masa suna Izumo, sunan wani wurin ibada na Japan da ake dangantawa da aure. Wanda yake karɓarsa a jikin ƙwai an gano shi a Ingila a 2014, aka kira shi Juno. Da haɗuwar ta tabbata, cikin 'yan mintuna sai kalsiyam ya tashi a cikin ƙwan.

Kalsiyam ya dace da aikin manzanci saboda ƙarancinsa. Wanda ke yawo a ruwan cikin sel bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na wanda ke waje ba, sauran an kulle shi a wani rumbu na tantani a cikin sel ɗin. Don haka da an ɗan buɗe ƙofa kowa zai ji. A 1974 Richard Steinhardt da David Epel suka nuna cewa maganin da ke ratsa tantani da kalsiyam ya isa ya farkar da ƙwan bushiyar teku. A 1977 da 1978, a ɗakin binciken Lionel Jaffe, aka ɗura wa ƙwan kifin medaka wani furotin mai haske in ya gamu da kalsiyam, aka ga hasken yana tasowa daga inda maniyyi ya shiga yana ratsa ƙwan kamar wutar daji. A kifi da kwaɗo sau ɗaya ake yi a gama. Dabbobi masu shayarwa kuwa nasu daban ne, kamar yadda aka fara gani a ƙwan ɓera da na hamsta tun daga 1981: kalsiyam yakan hau ya sauka, ya dakata 'yan mintuna, ya sake hawa, haka har sa'o'i uku ko huɗu a ɓera. Kowane hawa za a kira shi bugu. A 1992 Douglas da Joanne Kline suka sa wa ƙwan ɓera sinadarin da ke kame kalsiyam, maniyyi ya shiga amma ƙwan bai farka ba. A shekarar dai Shunichi Miyazaki ya toshe ƙofar rumbun, wadda sinadarin IP3 ke buɗewa, a ƙwan hamsta, bugun ya ƙi zuwa.

Saura tambaya guda: me maniyyi yake yi har a sami IP3? An daɗe ana gardama a kai. Wasu sun ce ƙwanƙwasa ƙofa yake yi daga waje, wasu sun ce wani abu yake zubawa a ciki. A 1990 Karl Swann ya ɗura wa ƙwan hamsta ruwan da aka tatso daga maniyyi, ya sami bugu irin na gaske. A 2002 kuma ɗakin binciken Tony Lai a Birtaniya, tare da Swann, suka bayyana abin da ke cikin ruwan, wani inzayim mai suna PLC-zeta wanda a maniyyi kaɗai ake samunsa. Aikinsa shi ne ya tsaga wani maiƙo mai suna PIP2 gida biyu, ɗaya IP3 mai buɗe rumbu, ɗaya DAG wanda za a dawo kansa. A 2017 da 2018 aka samar da ɓeraye maza marasa PLC-zeta a Ingila da Japan. Maniyyinsu bai haifar da bugun da aka saba gani ba, ƙwai da yawa kuma maniyyi fiye da ɗaya ya shige su. Abin mamaki shi ne, ta hanyar barbara ta al'ada mazan sun haifi 'ya'ya, ko da yake kaɗan ne. Ke nan akwai wata ƙaramar hanya ta baya da ƙwai ke iya farkawa, amma babbar ƙofa PLC-zeta ce.

Mai karanta saƙon

Kalsiyam da kansa ba ya niƙe saikilin B, ba ya kuma jan kuromosom. Saƙo ne, yana bukatar mai karantawa. Da ya tashi sai ya ɗafe wa wani ƙaramin furotin mai suna kalmodulin, su biyun kuma su kama wani maliƙi da ake kira CaMKII su buɗe shi. Siffar wannan maliƙi abin kallo ce: sassa goma sha biyu ne suke haɗuwa su yi zobe biyu, shida a sama shida a ƙasa, kowane sashe yana da wutsiya da take toshe bakin aikinsa. Kalmodulin ne yake janye wutsiyar. Idan maƙwabta biyu suka buɗe tare, ɗaya yakan liƙa wa ɗayan fosfet, sai ya zauna a buɗe na ɗan lokaci ko bayan kalsiyam ya sauka.

Hujjar cewa shi ne mai karatun ta zo ta fuska biyu, kuma a ilmin gwaji sai an haɗa fuskokin nan biyu ake sakin jiki: a nuna abu ya isa shi kaɗai, a kuma nuna in babu shi ba a yi. Ta fuskar farko, a 1993 masana a Faransa suka datse wutsiyar CaMKII don ya zama a kunne koyaushe, suka ɗura wa ƙwan kwaɗo, sai ya saki linzami ba tare da kalsiyam ba. An maimaita haka a ƙwan ɓera a 2005 da 2006, sakamako ɗaya. Ta fuska ta biyu, CaMKII iri huɗu ne, wanda ke ƙwan ɓera shi ne nau'in gamma. A 2010 aka samar da ɓeraye marasa wannan nau'i. Matan ba su haihu ba ko ɗaya. Da aka duba ƙwansu, maniyyi yana shiga, kalsiyam yana bugu daidai, amma MPF bai sauka ba, kuromosom na nan jere a mazari. Wasiƙa ta iso gida, babu mai iya karatu.

Yadda CaMKII ke karya MPF an fi saninsa dalla-dalla a kwaɗo. Yana liƙa wa Emi2 fosfet na farko. Wannan fosfet ya zama matakala ga wani maliƙi mai suna Plk1, wanda ya zo ya liƙa na biyu, na biyun kuwa alamar niƙa ce. Da Emi2 ya tafi, APC/C ya sake, ya faɗa wa saikilin B da sekurin. Ƙwan ɓera yana da waɗannan sassa duka, kuma in aka cire masa Emi2 ba ya iya tsayawa. A 2011 kuma ɗakin binciken Marco Conti a Amurka ya ƙara wani reshe. CaMKII yana kunna wani maliƙi mai suna Wee1B, shi kuma Wee1B ya liƙa fosfet a jikin CDK1 kansa, a wurin da ke kashe shi. Watau ana sarar MPF ta wuri biyu, ana ɗauke masa abokin tafiya, ana kuma ɗaure shi kansa. Ƙwan ɓeran da aka rage wa Wee1B bai iya kafa cibiyoyinsa ba.

Me ya sa sai an yi ta bugu, ba a yi sau ɗaya a huta ba? A nan akwai wurin da ɗalibi zai iya zamewa. An san cewa a ƙwaƙwalwa CaMKII yana tara ƙarfi idan bugu ya zo a kusa da juna, cikin daƙiƙa ko ƙasa da haka, don haka aka yi zaton haka yake a ƙwai. Amma tazarar bugun ƙwai ta mintuna ce, kuma da aka auna sai aka ga ƙarfin maliƙin yana hawa da kowane bugu, yana kuma komawa ƙasa kafin na gaba, domin maɓamɓara sun riga sun share abin da aka liƙa. Abin da ke taruwa shi ne ɓarnar da ya yi wa saikilin B, wanda ake gani yana raguwa mataki-mataki. A tuna da tulun da ake ɗura wa ruwa. In an faɗaɗa yoyon sau ɗaya aka bari, mai ɗuri zai cika shi. Ƙwan da aka taɓa da rauni yakan fitar da ƙunshi na biyu, sa'an nan MPF ya farfaɗo, ya sake kafa mazari ya tsaya a wani mataki na uku wanda ba shi da mafita. A 2002 Tom Ducibella da Jean-Pierre Ozil suka yi wa ƙwan ɓera bugun kalsiyam ƙidayayye ta hanyar lantarki, wasu 4, wasu 8, wasu 24. Bugu kaɗan ya isa a fara wasu ayyuka, amma kafa cibiyoyi sai da aka kai 24. Duk da haka bai kamata a ɗauki adadin a matsayin doka ba, don gwaje-gwajen Ozil na baya sun nuna cewa jimlar kalsiyam da tsawon lokacinsa su ne suka fi muhimmanci, ba yawan bugun kawai ba.

Sauran maliƙa

Gwajin 2010 ya bayyana wani abu kuma. A ƙarƙashin tantanin ƙwai akwai 'yan jakunkuna da suke fashewa waje bayan shigar maniyyi, su zubar da inzayim mai suna obastasin, wanda yake yanka furotin ZP2 na rigar ƙwan don kada wani maniyyi ya sake ɗafewa. Ƙwan da ba shi da CaMKII-gamma ya yi wannan aiki. Ashe saƙon kalsiyam yana rabuwa rassa, ba duka ke bi ta hannu ɗaya ba. Wani maliƙi da shi ma kalmodulin ke kunnawa, MLCK, yana tayar da furotin mayosin, irin mai sa tsoka ta tsuke. A ƙwan ɓera mazari yana kwance ne a gefe, sai an juya shi ya fuskanci waje kafin a matse ƙunshi na biyu a fitar, kuma maganin da ke hana MLCK yakan hana wannan, ya kuma rage fashewar jakunkunan.

DAG da aka ambata a baya yana kunna maliƙin PKC, wanda Yasutomi Nishizuka ya gano a Kobe a 1977. An ga PKC yana zuwa jikin tantanin ƙwai yana komawa tare da kowane bugu, kuma alamu sun nuna yana taimaka wa shigowar kalsiyam daga waje don a sake cika rumbu. An taɓa ba shi girma fiye da haka a rubuce-rubucen shekarun 1990, galibi bisa dogaro da magunguna masu kunna shi ko hana shi. Matsalar irin waɗannan magunguna ita ce, maliƙa 'yan gida ɗaya ne, wurin da suke kama ATP ya yi kama da juna, maganin da aka auna wa ɗaya yakan sami wasu. Shi ya sa hujjar da aka samu ta cire ƙwayar gado ta fi nauyi. Haka nan maliƙan dangin Src: a bushiyar teku su ne suke tayar da kalsiyam tun farko, amma a ɓera an toshe hanyarsu bugun bai fasa ba. Aikin ɗaya daga cikinsu, Fyn, ya fi shafar tsarin mazari. Abin da ya tabbata a wata halitta ba a ɗora shi a kan wata sai an gwada.

MAPK kuwa ba ya sauka tare da MPF. Yakan jinkirta sa'o'i, kuma saukarsa tana zuwa ne dab da lokacin da ake gina tantani a kewaye da kuromosom na uwa da na uba, su zama cibiyoyi biyu a cikin ƙwai ɗaya. Idan aka tilasta masa zama a kunne, tantanin ba ya ginuwa. Ke nan linzami biyu ne, ana sakinsu bi da bi. Su waɗannan maliƙa ma suna da hannu a saƙon kansa, domin tun ƙwai yana nuna suke liƙa fosfet a ƙofar rumbu su ƙara mata saurin ji. A ɓera, da cibiyoyi suka kafu sai su haɗiye PLC-zeta, bugu ya tsaya.

A ɗakin likita

Tun 1992, da aka haifi jarirai na farko a Beljiyam ta hanyar ɗura ƙwayar maniyyi ɗaya cikin ƙwai da allura, wadda ake kira ICSI, an kauce wa yawancin shingayen da ke hana maniyyi isa. Amma a kaso kaɗan, kimanin 1 zuwa 3 cikin 100, idan aka duba bayan sa'o'i 16 zuwa 18 sai a tarar ko ƙwai ɗaya bai kafa cibiya ba. Maniyyi yana ciki, ƙwan yana tsaye. A 2008 aka nuna cewa maniyyin wasu mazan da ke fama da haka ba shi da PLC-zeta, ko yana da kaɗan. Abin ya fi yawa ga masu maniyyi mai zagayayyen kai, amma ana samunsa ga wanda maniyyinsa yake da yawa, yake kuma gudu lafiya a ƙarƙashin madubin likita. Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda akan yi saurin kiran mace juya, musamman idan an ce gwajin mijin bai nuna komai ba. Gwajin ƙidaya da kallon motsi ba ya ganin wannan inzayim.

Laifin kuma yana iya zama a ƙwan. A 2018 masana a ƙasar Sin suka gano mata masu nakasa a ƙwayar gadon WEE2, wadda ita ce takwarar Wee1B a ɗan Adam. Ƙwansu yana nuna, kamanninsa lafiya lau, amma ba ya kafa cibiyoyi. Da aka ɗura wa ƙwan lafiyayyen umurnin ƙera WEE2 a ɗakin gwaji, ya farka ya ci gaba da rabuwa na 'yan kwanaki.

Sanin inda sarƙar ta tsinke shi ke nuna magani. Idan saƙon ne bai zo ba, akan tsoma ƙwan na 'yan mintuna cikin maganin da ke ratsa tantani da kalsiyam, irin wanda Steinhardt da Epel suka yi aiki da shi, kuma an sami haihuwa ta wannan hanya, ko da yake hawa ɗaya maganin yake bayarwa maimakon jerin bugu. Idan kuwa matsalar tana bayan saƙon ne, kamar ta WEE2, ƙarin kalsiyam ba lalle ya biya bukata ba. Masu kwafin shanu a ɗakin gwaji sukan bi ta wata hanyar, su haɗa maganin kalsiyam da 6-DMAP, mai hana maliƙa aiki gaba ɗaya, don MPF kada ya farfaɗo, amma wannan guduma ce da ba a ɗauka a kan ƙwan mutum. Don rarrabe ɓangaren da ke da matsala, likitoci a Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun tsara gwajin ɗura maniyyin majinyaci cikin ƙwan ɓera, a ƙidaya nawa suka farka. Gwajin yana da iyaka, domin PLC-zeta na ɗan Adam ya fi na ɓera ƙarfi nesa, ta yadda maniyyi mai rauni yana iya tayar da ƙwan ɓera ya kasa tayar da na mace. Saboda haka daga baya suka ƙara da auna bugun kalsiyam ɗin kansa, yawansa da tsayinsa, a cikin sa'o'in farko bayan allurar.